Na Je Ɗauko Na'urar Rediyo, Na Ɓige Da Jiran Kura

Tun da na dawo daga Nijar ban huta ba. In na zauna a shagona na ɗinkin hula a Ƙofar Galadima, kafin in zura zare a allura wani ya yi sallama: "Malam Sabo, wai da gaske an ji ka a rediyo?" Wani ma ba ya sallama, sai ya leƙo ya ce, "Malam, kuran ya zo?" ya kwashe da dariya ya wuce. Labarin ya riga ni isowa Zariya, kuma a hanya an yi masa ƙari. Wasu sun ce an ɗaure ni, wasu sun ce kura ta cije ni a cinya. Ƙarya ba ta da kyau ko da a kaina ake yin ta, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda abin ya faru. Bokona a firamare ya tsaya, inda na yi kuskure a yi mini afuwa.

Dalilin tafiyar mahaifiyata ce, Inna. Shekara da shekaru, kullum bayan la'asar takan je gidan da ke jikin masallacin unguwarmu ta zauna a bayan katanga, ta saurari karatun da Malam Liman ke bayarwa. Bara gwiwoyinta suka ƙi, ko tsakar gida sai an riƙe ta. Gidanmu kuwa can cikin lungu yake, lasifika ba ta kaiwa, in kuma aka ƙara mata murya maƙwabtan masallaci su yi kuka. Na gwada ɗauko mata karatun a waya, ta saurara kaɗan ta ture.

"Wannan ɗumame ne, Sabo," in ji ta. "Ni so nake in ce amin lokacin da jama'a ke cewa."

Ni ke kula da amfilifayar masallaci. Ba don na fi kowa iyawa aka ba ni ba, don ni ne ba na manta kashe ta. Nakan kashe, in kulle, in kai bakin lungu, in dawo in sake dubawa. Haka Allah ya yi ni. Kuma in damuwa ta yi mini yawa nakan yi magana ni kaɗai.

Akwai wani Alhaji Mamman, mutumin Nijar, mai fataucin albasa, wanda yake sayen huluna a wurina. Da ya ji zancen Inna sai ya ce ai wannan ƙaramin abu ne. Ɗan ƙanwarsa yana aiki a gidan rediyon garinsu, kuma suna da wata 'yar na'ura da suka daina amfani da ita. In aka ɗora ta a masallaci aka haɗa da amfilifaya, duk tsohuwar da ke cikin ganuwa sai ta murɗa rediyonta ta ji Malam Liman kamar a gabanta yake.

Na ce, "Alhaji, hukuma ta yarda da wannan?"

Ya ce, "Hukuma tana da aikin da ya fi wannan. A buhun albasa za mu sako ta, wa zai sani?"

Zuciyata ba ta kwanta da buhun nan ba. Amma dattawan unguwa suka ce a je a gani, Inna kuma da ta ji sai fuskarta ta yi haske kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. Daga nan ban iya cewa a'a ba.

Da safe muka fita ta Ƙofar Doka muka nufi tasha. Kafin in shiga motar Katsina na zagaya na duba tayoyinta duka, na danna kowace da yatsa. Direba ya ce, "Malam, saya za ka yi ko shiga?" Aka zaunar da ni tsakanin Alhaji Mamman da wata baiwar Allah mai kwandon daddawa, wanda ta ɗora rabinsa a cinyata ba tare da ta tambaya ba. Har yau babbar rigata ba ta gama mantawa ba. Da muka tsaya salla a hanya sai wasuwasi ya kama ni: ƙasaru zan yi ko cikawa? Na tambayi wani dattijo ya ce ƙasaru. Na yi. Da na sallame na ga kamar ban yi niyya da kyau ba, na sake. Direba yana ta danna ham, mai daddawa tana cewa, "Ku bar shi, wataƙila har tamu yake yi mana."

A Jibiya muka sauka don canza mota, a nan kuma na ga abin da ya lalata mini sauran tafiyar. Masu wasa da kura sun kafa fage a gefen kasuwa, ana kiɗa, an ɗaure mata baki da igiya, tana jan sarƙa tana wani irin kuka. Ni tun ina ƙarami ko hotonta ba na so. Na koma bayan Alhaji Mamman na ɓuya. Shi kuwa ya ce, "Waɗannan ai har garinmu suke zuwa ran kasuwa." Na tambaye shi yaushe ne kasuwar garinsu. Ya ce jibi.

A bakin iyaka, kafin mu kai ga teburin jami'i, Alhaji ya ja ni gefe ya ce in aka tambaye ni in ce ziyara, kada in ƙara ko harafi. Jami'in ya dubi katina ya ce, "Me za ka je yi?"

Na ce, "Ziyara." Sai na ji kamar na ɓoye gaskiya, na ƙara da cewa, "Da kuma duba wata..."

Alhaji ya take mini ƙafa da dukkan nauyinsa.

Jami'in ya ɗago kai ya dubi furfurata ya ce, "Wata? To, Malam, Allah ya sa a dace. In an sa rana a tuna da mu."

Na so in gyara masa, Alhaji ya ja hannuna. Har muka tsallaka ina istigfari, don na bar mutum da zaton aure zan ƙara, alhali ko a mafarki ban yi wa matata Maman Sadiya haka ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki a can shi ne, Hausa suke yi, amma sai ka kasa kunne sosai. Tafi a wurinsu tahi ne, fita hita ce, me kuma mi. Inda mu muke cusa Turanci su Faransanci suke cusawa. Makaranta lakwal ce, masu kwastan kuwa duwan. Na yi ta gyaɗa kai ina cewa "haka ne" ga abubuwan da ban gane ba, don ina jin kunyar a ce Bazazzage bai ji Hausa ba. Ku riƙe wannan, shi ya kai ni inda ya kai ni.

Bayan Maraɗi muka bar kwalta, muka shiga wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, mu da buhunan gero da raguna biyu, har garin su Alhaji, Dogon Gawo. Gari ne mai kasuwa, mai rairayi, kana tafiya takalmi yana nitsewa. Aka sauke ni a ɗakin baƙi na gidan Alhaji, aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura a wata ƙwarya da za ta isa a yi wa jariri wanka.

Mutanen nan ban taɓa ganin masu karrama baƙo irinsu ba, amma da fura suke yi. Mu a Zariya fura ta rana ce, bayan an ci abinci. Su da safe fura, da hantsi fura, ka je gaida mutum fura, ka ce ka ƙoshi a ce ai ba abinci ba ce. Ni kuma ba na iya mayar da abin da aka miƙo mini. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa har ya kan yanki dasashi. Shayinsu a 'yan kofuna ake ba ka, na farko ɗaci kamar maganin zazzaɓi, kuma ba a tashi sai an sha na uku. Dambunsu da zogale kam ya fi namu, wannan gaskiya ce dole in faɗa. Zuwa wayewar gari cikina ya fara wani kiɗa nasa.

Da hantsi Alhaji ya ce mu je mu ga ɗan ƙanwarsa. Muna isa ƙofar gidan rediyon ya ɗaga murya: "Ina Mushe? Ku kira mini Mushe!"

Na ce, "Subhanallahi, Alhaji, wa ya mutu?"

Sai ga saurayi ya fito da ransa da lafiyarsa, da gilashi a ido, yana murmushi. Ashe a can duk ma'aikaci mai ilmin boko mushe ake ce masa, girmamawa ce. Sunansa Mushe Isufu. Ni dai bakina ya kasa, Malam Isufu na riƙa ce masa.

Gidan rediyon ɗaki biyu ne a bayan gari, an manna kwalayen ƙwai a bango don kada murya ta yi amo, ga faifan hasken rana a kan rufi, ga dogon ƙarfen eriya. Malam Isufu ya yi mini bayanin na'urar da muka zo dominta. Ya ce akwai ƙauyuka a bayan tudu da muryar tasharsu ba ta kaiwa, shi ne aka kafa ta a can. Aikinta ta kama muryar uwar tasha ta sake jefa ta gaba a wata lamba daban, kamar mai maimaita kabbara a bayan liman. Da suka sami sabuwa sai aka dawo da wannan, ya saita ta a kan lambar tasharsu don ko ta kwana, ya ajiye ta a gidansa. Ya ce in an sa mata makirfo ita ma tana iya magana da kanta. Na tambaye shi ko shugabar gidan, wata Madam Rabi, ta san za a ba mu. Ya dubi kawunsa, kawunsa ya dubi sama.

Washegari ran kasuwa. Gidan Malam Isufu a jikin kasuwar yake, katanga ɗaya ta raba su. Ya fito da na'urar ya ɗora a tebur. Ba ta fi akwatin rediyon zamanin da girma ba, duk ƙura. Ya hau rufi ya ɗaura eriya a gora, ya sauko ya haɗa makirfo, ya cusa waya a bango, ya danna. Shiru. Ya yi tsaki ya faɗi wata kalma da Faransanci. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara, ana nemansa a tasha, lokacin sanarwa ya yi. Alhaji kuwa tun safe yana wurin 'yan albasa. Malam Isufu ya fita da gudu ya hau babur, har ya tayar sai ya waiwayo ya ƙwala mini kira ta taga:

"Malam Sabo! In kuran ya zo, ka kashe ta! Maza, kak ka jira ni!"

Ya ba babur wuta ya tafi.

Jama'a, ku sa kanku a matsayina. Shekaranjiya na ga kura da idona. An ce mini ran kasuwa suke zuwa. Yau kasuwa. Kuma daidai lokacin nan, wallahi, sai na ji kiɗa ya tashi a bayan katanga. Na ce wato in ta tsinke nan take shigowa, har sun saba. Na lura ya ce "ya zo" bai ce "ta zo" ba, amma na ce ai mutanen da ke kiran mai rai mushe ba a riƙe su da wannan. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda ya faɗe shi a sauƙaƙe, kamar ya ce in kore masa kaza. Ni da ko ragon layya sai na kira mahauci!

Na leƙa tsakar gida, ba kowa, duk sun tafi kasuwa. Na ɗauko taɓarya. Na dawo na tura ƙofa, ba ta da sakata. Na ja kujera na zauna a jikin tebur, na ba na'urar baya, na fuskanci ƙofa, taɓarya a kan cinya. Da zaman ya yi tsawo na ga gara in bar wasiyya. Na ciro waya na fara ɗaukar saƙon murya ga matata. Abin da na faɗa ba sai na yi ƙoƙarin tunawa ba, don daga baya mutane da yawa sun maimaita mini shi.

"Salamu alaikum, Maman Sadiya. Ni ne. Ina nan da rai zuwa yanzu. An bar ni a ɗaki an ce in kura ta zo in kashe ta. Taɓarya ce a hannuna. In ba mu sake ganawa ba ki yafe mini, musamman maganar da na yi a kan miyar kukan nan, ba gishirin ne ya yi yawa ba, raina ne a ɓace. Mutanen nan kirki gare su, amma za su kashe ni da fura. Tun jiya nake zarya bayan gida, kafin in ajiye buta an kawo wata ƙwaryar. Burodinsu kuwa in kura ta shigo ina jin da shi zan fara dukanta. Kada ki gaya wa Inna. Kuma in kika ji an ce na zo neman aure ƙarya ne, Alhaji ne ya take mini ƙafa. Ke kaɗai ce, Hadiza, ke ma kin sani. Na'urar kuma na gan ta. Alhaji Mamman ya ce a cikin buhun albasa za mu tsallake da ita don kada 'yan duwan su gani, ni kuwa wallahi tun Zariya zuciyata ba ta yarda da buhun nan ba..."

Ina cikin wannan na ji kiɗa ya tsaya. Sai wata hayaniya ta taso daga kasuwa, kamar ruwan sama yana tahowa daga nesa. Na ce shi ke nan, ta tsinke. Na miƙe na ɗaga taɓarya sama, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Hayaniyar ta matso, na ji kamar ihu, na ji kuma kamar dariya, na ce ai dama an ce kukanta kamar dariya yake.

Aka banko ƙofa. Na rufe ido na ce, "Innalillahi!"

Sai na ji muryata ta amsa mini daga waje, daga wurare da yawa a lokaci ɗaya: "Innalillahi!"

Na buɗe ido. Malam Isufu ne, gumi sharkaf. A bayansa wata mata mai jiki da lulluɓi shuɗi, a bayanta jandarma, a bayansu kuma rabin kasuwa, kowa da rediyo a kunne, wasu sun durƙusa sun riƙe ciki. Malam Isufu ya wuce ta ƙarƙashin taɓaryata ya fizge waya daga bango. Sai a lokacin na waiwaya na ga 'yar fitilar na'urar tana mutuwa.

Ya ce, "Malam, ban ce in kuran ya zo ka kashe ta ba?"

Na ce, "Ai ba ta zo ba."

"Kuran! Kuran! Wuta! Lantarki!"

Ashe abin da mu muke cewa an kawo wuta, su kuran suke cewa. Wutar ta dawo tun ina ɗauko taɓarya, na'urar ta tashi a kan lambar tasharsu, makirfo yana daidai ƙeyata. Tashar tana can bayan gari, ni ina jikin kasuwa, rediyo kuwa ba ta sauraron biyu, wanda ya fi ƙarfi a kusa da ita shi take bi. Duk kasuwar Dogon Gawo, daga 'yan awaki har masu goro, ni suke ji.

Wata tsohuwa ta kutsa ta ce, "Ina Bazazzagen? Hadiza ta yi dace da miji!" Wani ya miƙo mini dogon burodi ya ce in riƙe saboda tsaro. Jandarman yana ƙoƙarin ɗaure fuska, leɓensa yana rawa, ya ce, "Malam, wane buhun za mu fara kwancewa?" Alhaji Mamman, wanda ya iso yana haki, ya ce shi bai taɓa ganina ba.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Wani dattijo ne dogo mai rawani, sunansa Malam Agali. Ya tsaya a gabana ya ce taguwarsa, wato raƙumarsa, ta ɓata, ga ɗanta a gida yana kukan nono. Tun asuba ya taho da ƙafa don a yi masa sanarwa yau, ranar da mutanen ƙauyuka duka suke wuri ɗaya. An fara faɗin kamanninta ke nan sai muryar ta yanke, aka koma labarin buta.

Nan dariyar ta fita daga raina, kunyar ma ta koma wani abu daban. Na shiga haƙƙin bawan Allah ban sani ba. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce yafiya mai sauƙi ce, taguwa yake nema.

Matar mai shuɗin lulluɓi ita ce Madam Rabi. Ta ce a ɗauko na'urar, mu duka mu biyo ta tasha. A can ta fara da Malam Isufu, ta wanke shi tas da Faransanci, ban ji ko kalma ba amma na tausaya masa. Sannan ta juyo gare ni ta yi magana a hankali. Ta ce kowace lamba a rediyo da mai ita, hukuma ce ke rabawa, kamar rumfunan kasuwa. Su kansu an ƙayyade musu lambarsu da iyakar ƙarfinsu, kuma ana zuwa a duba. 'Yar na'urar bayan tudu ma sai da aka nema mata izini daban, kuma ba a yarda ta faɗi nata ba, sai abin da uwar tasha ta faɗa. Wannan da ke gabanmu da sunan tasha aka san ta, ba ta kyautuwa, balle ta shiga buhu.

"Yau taguwa ce," in ji ta. "Wata rana sanarwar rasuwa ce, ko ta yaron da ya ɓata. Garinku kuma ya fi namu tashoshi. In ka kunna ta a tsakiyar birni, muryar wa za ka danne? Ba za ka ma sani ba."

Na ce to in na nemi lasisi a wurinmu fa? Ta ce in tambaya in na koma, amma iya saninta a ƙasarmu ba a ba masallaci ko coci lasisin rediyo. Sai na ji abu biyu a lokaci ɗaya. Nauyin buhun albasa ya sauka daga ƙirjina, har na ji iska tana shiga. Sai kuma fuskar Inna ta faɗo mini. Na gaya wa Madam Rabi komai, har maganar amin.

Sai ta ce, "Tsakanin masallacin da gidanku akwai titi?"

Na ce babu, katangu ne kawai da lungu.

"To mi ya kai ka ga iska? Ja waya. Daga amfilifaya zuwa ɗakinta, ka sa ƙaramar lasifika."

Na ce, "Waya ba ta son lasisi?"

Ta ce a'a. Na sake tambaya don in tabbata. Ta ce, "Malam Sabo, in ka tambaye ni na uku zan sa a kawo maka fura."

Kafin in tafi ta ce akwai hukunci. Tun da na tara mata masu sauraro irin waɗanda ba ta taɓa samu ba, ni zan karanta sanarwar taguwa. Aka shigar da ni ɗakin kwalayen ƙwai, aka ɗora mini abin ji a kunne. Na tambaya sau biyu ko an kunna. Na yi sallama, na ce ni ne Bazazzagen ɗazu, ina neman afuwar jama'a, kuma don Allah duk wanda ya yi dariya ya biya da duba taguwar Malam Agali, ja ce, da tsaga a kunnen hagu, tana ɗan ɗingishi. Na faɗa na maimaita, har Malam Isufu ya yi mini alama da hannu cewa ya isa.

Da safe muna ɗaura kaya sai ga Malam Agali. Wani makiyayi da ya ji sanarwar ya gan ta a bakin wata rijiya ya riƙe ta. Dattijon ya kawo mini cuku mai yawa a ƙulle a tsumma, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya ce in gaida Hadiza.

Komowa ba ta yi wuya ba, sai dai Alhaji Mamman bai yi mini magana ba har Maraɗi, don a shingen farko an sauke masa albasa an zazzage buhu bayan buhu, ana tambayarsa ina Malam mai kura. A iyaka na ce wa jami'in ba ni da komai sai cuku, kuma a karon farko a tafiyar na faɗi magana ba tare da gabana ya faɗi ba. Yaran motar Alhaji su suka riga ni kawo labari Zariya.

Da na shiga gida Inna ta dubi hannuna ta ce, "Ina abin?" Na ce babu, amma na roƙe ta ta ba ni mako guda. Ta juya fuska bango. Wannan ya fi mini taɓarya nauyi.

Na bi gidajen da wayar za ta ratsa ta kan katangarsu ɗaya bayan ɗaya ina neman izini. Wani ya ce, "Malam Sabo, ko ta cikin ɗakina ka bi da ita, amma ka fara ba ni labarin kura." Na sami lasifikar tsohuwar mota a wurin mai gyara a Gyallesu, na sa ta a gwangwani, na rataye a saman gadon Inna. Na yi mata makunni nata daban a jikin amfilifaya.

Ranar farko, bayan la'asar, Malam Liman ya yi karatu ya yi addu'a, jama'a suka watse. Na kashe lasifikar waje, na tsaya ina naɗe tabarmi ina 'yan maganganuna: ya Allah ka sa ta ji, ya Allah kada a ce ɓera ya ci wayar, in ba ta ji ba da wane ido zan dube ta. Na kulle na taho gida da sauri, ko dubawa ta biyu ban koma yi ba.

Na tarar da ɗakin cike da tsofaffin lungunmu, ga Maman Sadiya a bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi. Inna tana zaune a kan gado, carbi a hannu, idonta da ƙwalla.

Ta ce, "Na ji, Sabo. Na ce amin tare da jama'a. Allah ya yi maka albarka."

Na ce amin, na durƙusa.

Ta ce, "Ɓera kuma bai ci ba. Tashi ka koma, ba ka kashe ta ba."